Yadda Ake Sayen Ƙaramin Jirgin Sama na Farko Daidai Ƙarfin Aljihu

Duk wanda ya sami lasisin tuƙin jirgin sama, ya kuma ɗanɗana wahalar hayar jirgi awa-awa daga makarantar koyon tuƙi, wata rana zai tsinci kansa yana duba tallan tsofaffin jirage, yana mamakin yadda farashin wasu bai wuce na sabuwar mota ba. Farashin gaskiya ne, amma shi ne mafi sauƙin abin da za a biya. Jirgin da mai madaidaicin hali zai iya saye yawanci sa'ansa ne a shekaru ko ma ya girme shi, domin an ƙera mafi yawan ƙananan jirage masu inji ɗaya mai fistin tsakanin 1960 da 1980. Kamfanin Cessna ma ya dakatar da ƙera irinsu a 1986, bai dawo ba sai bayan shekara goma, bayan Amurka ta kafa wata doka a 1994 da ta rage wa masu ƙera jirage nauyin ƙararrakin diyya a kan tsofaffin jiragensu. Tsufan ba aibi ba ne idan an kula da jirgin. Abin da ake saye a zahiri shi ne lafiyar injinsa, da tsaftar ƙarfensa, da cikar takardunsa. Fenti da kujeru suna biyo baya can nesa.

Mataki na farko: rubuta aikin da jirgin zai yi

Kafin ka duba talla ko ɗaya, ka zauna ka rubuta tafiye-tafiyen da kake yi da gaske, ba waɗanda kake mafarkin yi ba. Mutum nawa ke shiga tare da kai a tafiya takwas cikin goma? Nisan nawa ne? Titin filin da za ka riƙa tashi kwalta ne ko ƙasa, tsawonsa nawa, kuma yaya tudun wurin da zafinsa suke? Wannan tambaya ta ƙarshe tana da nauyi, domin iska mai zafi ko ta wuri mai tudu ba ta da kauri, injin yana rasa ƙarfi a cikinta, fiffike kuma yana bukatar ƙarin gudu kafin ya ɗaga. Jirgin da ke tashi cikin walwala da sanyin safiya yana iya cinye titi gaba ɗaya da tsakar rana.

Daga nan sai lissafin nauyi, wanda shi ke karya burin mutane da yawa. A ɗauki Cessna 150 na shekarun baya-bayan ƙirarsa: iyakar nauyin da aka yarda ya tashi da shi kilo 726 ne, shi kansa jirgin ba kowa ba komai yakan kai kimanin kilo 500, mai cike da tanki kuma lita 98 ne, wato kusan kilo 70. Abin da ya rage bai wuce kilo 156 ba, saboda haka ƙarti biyu masu kilo 85 kowanne sun riga sun haura iyaka tun ba a ɗora jaka ba. Haka nan Cessna 172N, mai kujeru huɗu da iyakar kilo 1,043, idan aka cika tankinsa manya uku ne yake ɗauka cikin natsuwa. Yawan kujeru daban, yawan mutanen da za a ɗauka daban.

Mataki na biyu: lissafin kuɗin riƙo

Kuɗin jirgi kashi biyu ne. Akwai wanda za ka biya ko jirgin bai motsa ba duk shekara: inshora, hayar rumfa ko wurin ɗaurewa a fili, binciken shekara-shekara da doka ta wajabta, da kuɗin sabunta takardu. Akwai kuma wanda ke tafiya da kowace awa a sama, wato man jirgi da baƙin mai da gyare-gyare. Cessna 150 yakan sha kimanin lita 22 a awa yana gudun kilomita 180 ko kusa da haka, 172 kuma lita 30 zuwa 34. A kan wannan sai ka ƙara adashin garambawul: ka tambayi kuɗin yi wa injin garambawul gaba ɗaya, ka raba shi da yawan awoyin da kamfani ya ɗiba masa, ka riƙa ajiye abin da ya fito duk awa ɗaya da ka yi. Wanda bai yi wannan adashin ba, ranar da injin ya nemi haƙƙinsa zai ga kuɗin ya kai na jirgin ko ya fi.

Ka haɗa kashi na farko, ka raba shi da awoyin da kake sa ran yi a shekara, ka ɗora kashi na biyu, sannan ka gwada da kuɗin haya. Masu jirage sun saba cewa sai mutum ya doshi awa 100 a shekara kafin mallaka ta fi haya sauƙi. Idan awa 30 kake yi, haya ta fi maka, ko kuma ka nemi mutum biyu ko uku ku haɗa gwiwa ku sayi jirgi ɗaya, wanda a ganina shi ne hanya mafi hankali ga mai ƙaramin ƙarfi, domin kuɗin tsaye yana rabuwa, jirgin kuma yana samun tashi akai-akai. Sharaɗin dai shi ne a rubuta yarjejeniya tun ana shiri: yadda ake rabon kwanaki, wanda ke yanke shawarar gyara, abin da za a yi idan wani ya lalata wani abu, da yadda mai son fita zai sayar da kasonsa.

Kada ka zuba duk abin da ka tara a kan saye. Shawarata ita ce ka riƙe aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinka domin shekarar farko, saboda binciken shekara na farko a hannun sabon makanike kusan kullum yana tono abubuwan da tsohon ya saba da ganinsu har ya daina lura.

Ka kuma bincika batun mai tun yanzu. Yawancin waɗannan injina suna shan man jirgi mai suna 100LL, wanda ba a kowane fili ake samunsa ba. Wasu injina marasa matsi sosai suna da izini na musamman na shan man mota wanda ba a gauraya shi da etanol ba, injin Rotax 912 na jiragen zamani marasa nauyi kuma da man mota aka tsara shi. Jirgin da babu mansa a inda kake, kayan ado ne.

Mataki na uku: zaɓen iri

A karon farko ka nemi jirgin da aka ƙera da yawa, mai ƙafafu a kafe waɗanda ba sa naɗewa, mai farfela wadda ba a sauya karkatarta, mai inji na kowa da kowa. Dalili kuwa shi ne kayan gyara suna samuwa, kowane makanike ya san shi, kamfanin inshora ba ya ɗar-ɗar da shi, kuma ranar da za ka sayar ba ka rasa mai saye.

A cikin masu kujeru biyu, Cessna 150 shi ne kan gaba: an ƙera fiye da 23,000 daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1977, da injin Continental O-200 mai ƙarfin doki 100, wanda halinsa ɗaya da ya kamata a sani shi ne saurin tara ƙanƙara a kafireto idan iska tana da laima. Magajinsa 152, daga 1977 zuwa 1985, yana da Lycoming O-235 mai doki 110, wanda ya fi daɗewa kafin garambawul amma yakan tara dalma a filogi. Piper Tomahawk, da aka ƙera daga 1978 zuwa 1982, ya fi su faɗin ciki da kyan gani waje, sai dai fiffikensa yana da wa'adin awa 11,000, kuma da yake yawancinsu a makarantu suka yi rayuwa, wajibi ne a duba nawa ya rage.

A masu kujeru huɗu akwai Cessna 172, wanda aka fara sayarwa a 1956, aka kuma ƙera fiye da 44,000, babu jirgin da ya kai shi yawa a tarihi. Wannan farin jini ne ya sa yake tsada. Na farko-farko, har zuwa 1967, suna da Continental O-300 mai silinda shida da doki 145. Yana tafiya sumul, amma silinda shida sun fi huɗu cin kuɗi ranar garambawul. Samfurin 172N na 1977 zuwa 1980 ya zo da injin O-320-H2AD da ya yi ƙaurin suna wajen cinye sandar da ke buɗe bawul, don haka tarihinsa yana bukatar karatu na musamman. Piper Cherokee 140, mai fiffike a ƙasa da ƙofa ɗaya a dama, yawanci ya fi 172 araha alhali aikinsu ya yi kusa, in dai an ɗauki kujerun bayansa a matsayin na yara ko na kaya.

Akwai tsofaffin jirage masu jikin bututun ƙarfe da rufin yadi da ƙaramar taya a wutsiya, irin su Piper J-3 Cub da Aeronca Champion. Tuƙinsu akwai daɗi, shan mansu kaɗan ne, amma suna bukatar rumfa domin rana tana cin yadi, sake rufin yana da tsada, kuma sai an yi horo na daban kafin a iya sarrafa su a ƙasa. Akwai kuma waɗanda mutane ke haɗawa da hannunsu a gida, kamar jerin RV na kamfanin Van's. Suna ba da gudu mai yawa a kan kuɗi kaɗan, sai dai ingancin kowanne ya dogara ga hannun da ya haɗa shi, kuma dokokin ƙasashe sun sha bamban a kansu. Duk jirgi mai ƙafafun naɗewa ko inji biyu da ka gani da arha, ka wuce shi. Arhar tasa ta samo asali ne daga tsadar riƙonsa.

Mataki na huɗu: karanta talla da kiran mai jirgi

Talla takan faɗi jimlar awoyin jikin jirgi da awoyin inji tun garambawul na ƙarshe. Kowane kamfani yana ɗiba wa injinsa adadin awoyi tsakanin garambawul biyu, abin da ake taƙaitawa da TBO: 1,800 ga O-200 da O-300 na da, 2,000 ga yawancin O-320 da O-360. Abin da mai talla ba ya son faɗa shi ne wa'adin yana da fuska ta biyu, wato shekara 12, duk wanda ya riga cika. A Amurka mai jirgin kashin kansa ba dole ne ya bi wannan wa'adi ba idan injin lafiya lau yake, a wasu ƙasashe kuwa ana sa sharuɗɗa, saboda haka ka tambayi hukumar sufurin sama ta ƙasar da za ka yi rajista.

A nan ne sababbin masu saye suka fi faɗawa rami. Suna ganin injin da ya yi awa 300 kacal tun garambawul sai su ɗauka sun yi tsintuwa, ba su lura cewa garambawul ɗin shekara ashirin ke nan da yinsa ba. Zama ya fi aiki kashe injin jirgi. Idan ya daɗe bai tashi ba, baƙin mai yana tsiyayewa daga saman ƙarafa, laima da tsamin da ƙonewar mai ke bari suna kama su, tsatsa ta huda bangon silinda da sandar bawul. Injinan Lycoming sun fi fuskantar wannan, domin sandar bawul ɗinsu a sama take, ita ce farkon bushewa. Kamfanin da kansa ya ba da shawarar a tashi jirgi na awa guda cur, mai ya yi zafi sosai, aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30, ya kuma ce tayar da inji a ƙasa ba ya maye gurbin haka. Don haka injin da ya yi awa 1,400 yana tashi kowane mako ya fi mini kwanciyar rai a kan mai awa 300 da ya shekara biyar a rumfa, balle ma farashin na farkon ya riga ya sauko saboda awoyinsa.

Ka kuma bambance kalmomi. Gyaran silinda kaɗai, wanda ake kira garambawul na sama, ba ya mayar da lissafi baya. Cikakken garambawul kuwa sai ka tambayi wane ne ya yi shi, a wace shekara, an mayar da sassa ma'aunin sabo ne ko kuwa ma'aunin da doka ta ce ya wadatar kawai, kuma silinda sababbi aka sa ko gyararru.

Idan ka kira mai jirgi, tambayoyinka su kasance: awa nawa jirgin ya yi a kowace shekara cikin biyar da suka wuce, a rumfa yake kwana ko a waje, ya taɓa zama kusa da teku, ya taɓa haɗari ko farfelarsa ta taɓa dukan ƙasa, kundayen tarihinsa cikakku ne tun daga masana'anta, kuma me ya sa ake sayarwa. Ka nemi ya ɗauki hoton kowane shafi ya turo maka. Wanda ya yi nawa wajen turowa, ko ya ƙi yarda makanikenka ya duba jirgin, ya riga ya ba ka amsa.

Mataki na biyar: karatun kundin tarihi

Kowane jirgi yana da kundin jiki, da na inji, sau da yawa da na farfela. Ka karanta su daga shafin farko, kana neman giɓi: shekarun da babu binciken shekara, wurin da lissafin awoyi ya yi tsalle, ko inda aka rubuta an sauya fatar fiffike da ƙafar gaba da farfela a rana ɗaya ba tare da an ambaci dalili ba, wanda ma'anarsa haɗari ce ko ba a faɗa ba. Tsohon haɗarin da aka gyara da kyau aka kuma rubuta shi ba abin gudu ba ne, jirgi mai shekara hamsin da bai taɓa ƙujewa ba ma abin tambaya ne. Wanda ake gudu shi ne gyaran da aka ɓoye. Idan farfela ta daki ƙasa, ka nemi shaidar cewa an buɗe injin an duba karanshaf. Kundin da ya ɓata yana rage darajar jirgi sosai, kuma ragin zai biyo ka ranar da kai ma za ka sayar.

Sai umarnin tilas na hukuma, wanda ake kira AD. Idan aka gano wani aibi a wani samfuri, hukumar ƙasar da ta ba shi shaidar ƙira, kamar FAA a Amurka ko EASA a Turai, takan fitar da umarnin a duba ko a gyara. Wasu sau ɗaya ake yinsu, wasu kuma suna maimaituwa har abada, kuma kowane maimaici kuɗi ne. Misali, ƙananan jiragen Cessna suna da umarni mai lamba 2011-10-09 a kan layin da kujera ke gudu a kai, domin kujerar da ta zame baya lokacin tashi tana iya janye matuƙi daga sitiyari. Wasu samfuran Piper PA-28 kuma sun sami umarni mai lamba 2020-26-16 na binciken ƙashin fiffike, bayan fiffiken wani jirgin koyarwa ya cire a sama a Fulorida a 2018. Ka nemi jerin duk umarnin da ya shafi jikin jirgin da injinsa da na'urorinsa, da sa hannun wanda ya cika kowanne. Duk wani ƙari da aka yi wa jirgin, ko tanki ne ko rediyo, ya zama yana da takardar izini, takardar nauyi da daidaito kuma ta dace da abin da ke cikin jirgin a yau.

Mataki na shida: binciken kafin saye

Wannan shi ne kuɗin da ya fi kowanne amfani a duk cinikin, kuma ba a tsallake shi ko da jirgin na amininka ne. Makaniken ya zama naka, kai ka nemo shi kai za ka biya shi, bai taɓa yi wa jirgin aiki ba, kuma ya san wannan samfurin ciki da bai. Kada ka karɓi zancen cewa an gama binciken shekara jiya-jiya. Wancan binciken yana amsa tambayar ko jirgin ya halatta ya tashi, naka kuwa yana amsa tambayar nawa zai ci maka nan da shekara uku. Kafin a kwance ƙusa ɗaya ku rubuta yarjejeniya da mai jirgi: farashi, kafin alƙalamin da za a mayar maka idan binciken bai gamsar ba, wanda zai biya gyaran duk abin da ya hana jirgi halaccin tashi, da wanda zai ɗauki kuɗin kai jirgin wurin bincike.

Ka ce wa makaniken ya fara da abubuwan da za su iya kashe ciniki, ya tsaya ya kira ka idan ya ga ɗaya, don kada ka biya kuɗin duba fitilu a jirgin da ƙashinsa ya ruɓe. A inji, za a gwada matsin kowace silinda da iska mai ma'auni 80 alhali injin yana da ɗumi; a al'adar Lycoming, abin da ya gaza 60 abin bincike ne, Continental kuma yana da nasa ma'aunin da ya fi sassauci. Lambar kaɗai ba ta isa hukunci ba, sai an saurari inda iskar ke fita: ta salansa alamar bawul ɗin hayaƙi ne, ta wurin zuba baƙin mai kuma alamar zoben fistin. Daga nan a zura ƙaramar kyamara ta ramin filogi a ga bangon silinda da fuskar bawul, a yanka matatar mai a baje takardarta a nemi ɓurɓushin ƙarfe, a gwada shi da maganaɗisu. Idan an sauya mai ana gobe za ku zo, matatar ba za ta nuna komai ba, kuma wannan ma abin lura ne. A duba ranar da aka yi wa maganeto, na'urar da ke ba filogi wuta, aikin awa 500, da shekarun robobin mai, da salansa, domin daga jikinta ake ɗibar ɗumin da ke shiga ɗakin matuƙi, tsagewarta kuma tana shigo da iskar gubar da ba ta da wari.

A jiki kuwa babban abokin gaba shi ne cin alminiyam, wanda ke fitowa kamar farin gari ko ya kumbura ƙarfe ya riƙa ɓarewa falle-falle. A buɗe duk marufan dubawa, a ɗaga dardumar ƙasa, a leƙa cikin fiffike da wutsiya da ƙarƙashin akwatin batir. A Cessna a duba bangon da ke tsakanin inji da matuƙi, domin saukar da aka yi a kan tayar gaba takan bar masa tamoji. A Cherokee a tambaya ko an taɓa zare tankunan mai an duba ƙashin fiffike da ke bayansu, kamar yadda sanarwar Piper mai lamba 1006 ta nema. Sabon fenti a kan tsohon jirgi yana iya zama kyan ɗan maciji, saboda haka a bi layin ƙusoshi da ido a ga ko akwai kumburi a ƙarƙashinsa.

Na'urori su ne na ƙarshe, amma suna da tsada fiye da yadda ake zato, musamman kuɗin ɗaurawa. Ya fi sauƙi ka sayi jirgin da ke da abin da kake bukata a kan ka saka daga baya. Ka san dokar sararin da za ka yi yawo: Amurka ta wajabta na'urar ADS-B mai sanar da matsayin jirgi a manyan sassan samaniyarta tun 1 ga Janairun 2020, Turai tana neman rediyo mai tazarar tasha 8.33 kHz, kuma tun Fabrairun 2009 taurarin ɗan'adam masu neman jiragen da suka faɗi suka daina sauraron tsohuwar na'urar kiran agaji ta 121.5 MHz, sai ta 406 MHz.

Mataki na bakwai: gwajin tashi

Ka tashi tare da mai jirgin ko malamin da inshorar jirgin ta amince da shi, kuma a fayyace wane ne matuƙi mai alhaki kafin a rufe ƙofa. Ka nemi a tayar da injin yana sanyi a gabanka, ka ga ma'aunin matsin mai ya hau cikin daƙiƙa 30. A sama ka gwada saurin hawa da gudun tafiya da abin da littafin jirgin ya ce, ka daidaita shi ka saki sitiyari ka ga ko yana karkata gefe ɗaya, wanda kan nuna rashin saiti ko tsohon rauni, ka kunna kowane rediyo da kowace na'ura. Awa guda ta fi minti goma amfani, domin wasu matsaloli sai inji ya yi zafi suke fitowa. Bayan sauka a buɗe murfin inji a nemi yoyon mai.

Mataki na takwas: ciniki, takardu da biya

Rahoton makanike shi ne abin tayinka. Ka raba abin da ya gano gida biyu: wanda ya shafi halaccin tashi, wannan na mai sayarwa ne ya gyara ko ya rage kuɗinsa, da wanda tsufa ne kawai, wannan kuwa ka san da shi ka saya. Idan aka sami cin ƙarfe a ƙashin fiffike ko ɓurɓushin ƙarfe mai yawa a matata, ka haƙura da kuɗin binciken ka tafi, ko da zuciyarka ta riga ta kwanta da jirgin.

Kafin kuɗi ya fita, a binciki rajista a tabbatar cewa mai sayarwa shi ne mai jirgin, kuma babu bashin banki ko na makanike da aka jingina a kansa, domin irin wannan bashi jirgin yake bi, ba mutumin ba. A Amurka, rajistar FAA da ke birnin Oklahoma tana ajiye tarihin mallaka da na manyan gyare-gyare na kowane jirgi, kuma kowa yana iya neman kwafi. Hanya mafi aminci ta biya ita ce ta hannun kamfanin amana, wanda ke riƙe kuɗin mai saye da takardar cinikin mai sayarwa, ba ya sakin ɗaya sai ɗayan ya cika. 'Yan damfara suna kwafar hotunan jiragen mutane su yi talla da farashi mai jan rai su nemi kafin alƙalami, don haka kada ka yi cinikin biri a sama. Jirgin da kai ko wakilinka bai taɓa da hannu ba, ba a tura masa ko sisi.

Idan daga wata ƙasa za ka sayo, aikin ya ƙaru. Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta hana jirgi ya kasance da rajistar ƙasa biyu a lokaci guda, saboda haka sai an soke ta can kafin a ba ka ta gida. Ka tabbatar tun farko cewa hukumarku ta amince da samfurin da duk ƙarin da aka yi masa, ka nemi takardar shaidar lafiya ta fitarwa, ka lissafa haraji da kuɗin kwastam, sannan ka zaɓa tsakanin ɗaukar ƙwararren matuƙi ya kawo shi ta sama, ko a cire fukafukai a sa shi cikin kwantena, wanda ga ƙaramin jirgi mai gajeren zango yawanci shi ya fi dacewa idan akwai teku a tsakani.

Inshora kuwa ana neman farashinta tun ana mataki na uku, domin kamfani yana iya ƙin sabon matuƙi a kan wani samfuri ko ya sa masa sharaɗin awoyi tare da malami. Ta fara aiki daga mintin da jirgin ya zama naka, ba daga ranar da ka kai shi gida ba. Wurin ajiya ma a kama shi tun da wuri, saboda filaye da yawa suna da layin masu jiran rumfa. Ranar karɓa ka ƙirga kundaye ɗaya bayan ɗaya, da littafin matuƙi, da takardar nauyi, da makullai, kada ka yarda da alkawarin za a aiko da sauran.

Shekarar farko

Ka ɗauki malamin da ya san samfurin ku yi awoyi tare, ko inshora ba ta nema ba, ku gwada sauka da iskar gefe da tashi da cikakken nauyi. Ka danne sha'awar sabon fenti da sababbin na'urori har sai ka wuce binciken shekara na farko ka ga abin da ya rage a asusu. Kafin nan abin da ya cancanci kuɗinka shi ne bel mai ratsa kafaɗa idan babu, da na'urar gano iskar guba. Ka roƙi makanikenka ya bar ka ka taya shi aiki lokacin binciken, kana buɗe marufai kana wanke sassa, domin kuɗin aiki zai ragu kuma za ka san jirginka. Ka riƙa sauya baƙin mai duk awa 50 idan injin yana da matata, ko 25 idan rariya kawai gare shi, ko bayan wata huɗu idan awoyin ba su cika ba, kuma a kowane sauyi ka aika ɗan samfurin man ɗakin gwaji. Sakamako ɗaya ba ya faɗin komai, amma idan ka tara uku ko huɗu a jere za ka ga ko ƙarfen da ke cikin man yana tsaye ko yana hawa, ka kuma rubuta yawan man da injin ke sha a kowace awa goma, domin canjin wannan adadi yakan riga kowace alama bayyana.